Wayoyin Fulogi Huɗu

Makanike yana shirin rufe gareji ke nan, sai ga wata tsohuwar mota ta shigo tana kakkarwa, fitilar injin tana ƙyaftawa. Wani dogon mutum ya fito, ko sallama babu.

"Maigida, duba mini, tun a hanya take shaƙewa."

"Malam, dare ya yi. Ka bari sai da safe."

"Ba na fitowa da safe."

Makanike ya jona na'urar bincike, ba ta nuna lamba ko ɗaya ba. Ya yi tsaki, ya koma tsohuwar dabara: a riƙa cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire ƙarar injin ba ta canja ba, to nan ciwon yake.

Ya cire ta farko, ƙara ba ta canja ba. Ta biyu ma haka. Can sai ga shi riƙe da duka huɗun, ƙarar tana nan, tana tsinkewa tana dawowa. Ya dafa injin, ya ji shi sanyi ƙalau.

A lokacin ya gane daga ƙirjin mutumin ƙarar take fitowa, ga shi kuwa tsaye daf da ƙeyarsa.

"Maigida, ka gano wajen?"