Ƙafar da ke kan totur

Ku matso, jikokina, wannan da idona na gani.

Motar kawunku tana da wani maɓalli a jikin sitiyari, in ka danna sai ta riƙe gudunta, ka ɗage ƙafa ka huta. Maɓallin ya mutu, aka kai wa bakanike. Ranar da aka karɓo ta muka kama hanya cikin dare, daga ni sai kawun naku.

Hanya tsit, ko fitilar mota ɗaya babu. Ya danna maɓallin, ya janye ƙafa, mota ta ci gaba sumul. Ya ce, "Mama, kin ga aiki!"

Can sai wani wari ya taso, kamar na jiƙaƙƙen gashi, idon sawuna ya ɗauki sanyi. Gudu ya ƙaru. Ya taka birki, ko gezau. Ya danna na kashewa, shiru.

Ya kira bakanike a waya. "Malam, abin nan da ka gyara ya ƙi saki!"

"Wane abu? Ai ban jona masa wuta ba, kayan ba su iso ba."

Ga kwanar hanya a gabanmu. Na ce ko takalmi ne ya maƙale, na sunkuya da tocila ina salati.

Ƙafafun ɗana duka biyu suna kan birki. A kan totur kuwa ga wata ƙafa, siririya, ba takalmi, ta fito daga ƙarƙashin kujera. Haske na taɓa ta, yatsun suka lanƙwashe, suka ƙara dannawa.