Ranar da Birkin Auta Ya Yi Shiru

Akwai wani dutse a bayan garinsu Auta. Dogo ne, shuɗi-shuɗi daga nesa. In ka tsaya a ƙofar shagon babanta, za ka hango shi can ƙarshen titi, kamar an jingina shi da sama.

Baban Auta tela ne. Kullum in an tashi daga makaranta, Auta takan zauna a benci cikin shagon, tana ware masa maɓallai a gwangwani. Hannunta na aiki, amma idonta na kan dutsen. Wani lokaci gajimare yakan sauko ya zauna a kansa, fari tas kamar auduga.

"Baba, in mutum ya hau can, zai iya taɓa gajimare?"

"Me zai hana?" in ji Baba, yana zura zare a allura.

"Laushi gare shi?"

"In kin je kya gaya mini. Miƙo min almakashi."

"Zan ciko jakata da shi, ka ɗinka mini matashin kai."

Baba ya yi dariya. "To, ki haɗo da nawa. Wuyana ciwo yake."

Ana nan, sai wata rana malamin wasanni ya shigo ajinsu. Ya ce ranar hutun ƙarshen mako zai kai 'yan ajin hawan dutse. Za a tafi a kan kekuna har gindinsa. Daga nan a ajiye kekuna, a hau da ƙafa.

Auta ba ta ƙara jin komai ba a ajin nan. Jikinta ne kawai a kujera. Ita tuni tana can sama, tana dama gajimare da hannu biyu.

Tana da keke, tsohon na yayanta, wanda ya bar mata da zai tafi makarantar kwana. Keken yana gudu, ba laifi. Matsalarsa ɗaya ce. Da zarar ta matsa birki, sai ya saki wani kuka mai tsawo, "ƙiiiiii", har karnukan layi su ɗaga kai.

Ana gobe tafiya, Malam ya ce kowa ya kawo kekensa filin makaranta a duba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa taya, ya ja sarƙa, ya girgiza sirdi. Da ya zo kan na Auta, ya hau ya ɗan zagaya, sannan ya matsa birki.

"Ƙiiiiii."

Fili ya ɗauki dariya. Yara kuwa kun san halinku. Abu kaɗan ne, sai ku mai da shi waƙa.

"Auta, akuya kika hawo?" in ji wani yaro mai tsokana, wanda ake ce wa Dogo.

"A ba ta ciyawa, yunwa take ji," in ji wani.

Malam ya galla musu harara, suka yi tsit. Ya miƙa wa Auta kekenta.

"Kukansa ya yi yawa, amma yana kamawa sosai. Ya wuce."

Auta ba ta ji "ya wuce" ɗin ba. "Akuya" kawai ta ji. Har ta fita ƙofar makaranta ana yi mata "meee" a baya. Kunnuwanta suka yi zafi.

Ta wuce shago kai tsaye.

"Baba, birkina yana kuka. Dariya ake yi mini."

Baba yana fama da wata riga da mai ita ke zaune yana jira. Bai ko ɗago ba.

"Bari in gama wannan, Auta. In na samu sarari mu kai wa mai gyara."

"Gobe ne fa tafiyar."

"Na ji. Na ce ki bari."

Ta zauna ta turo baki. Can sai keken ɗinkin Baba ya fara wata 'yar ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko 'yar kwalbar mai, mai dogon baki. Ya ɗiga nan, ya ɗiga can. Ya taka. Ƙarar ta ɓace kamar ba a taɓa yi ba.

Idon Auta ya buɗe. Ashe abin ba wuya. Ƙarfe in ya yi kuka, mai yake so. Tun tana ƙarama take ganin Baba yana haka.

Da Baba ya fita raka mai riga, ta ɗauki kwalbar ta zagaya bayan shago. Ta tsuguna gaban kekenta. Ta ɗiga mai a robar birkin gaba. Ta ɗiga a ta baya. Don ma abin ya yi kyau, ta shafa a jikin ƙarfen tayar, daidai inda robar ke kamawa. Ta tura keken kaɗan, ta matsa birki.

Shiru. Ko ƙis.

Ta mayar da kwalbar inda take. Ba ta gaya wa kowa ba. So take gobe ta ba Dogo mamaki.

Washegari da sassafe suka kama hanya. Malam yana gaba. Yara suna biye a jere. Can baya kuma motar makaranta ce, ɗauke da ruwan sha da Malama mai akwatin magani.

Safiyar ta yi daɗi. Iska mai sanyi tana shiga hannun riga. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Raɓa tana ƙyalli a kan ciyawa. Dutsen kuwa sai ƙara girma yake. Shuɗin nan nasa ya koma kore, har ana ganin bishiyoyi a jikinsa. Gajimaren yana nan a samansa, kamar ya san da zuwanta.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba wanda ya buƙaci birki. Dogo ya matso kusa da ita.

"Yau akuyar ba ta gaishe mu ba."

"Ta ƙoshi," in ji Auta, ta ɗaga kai sama.

Dab da gindin dutsen akwai wata gangara. Tana sauka ne zuwa wata 'yar gada a kan rafi. Malam ya ɗaga hannu.

"A hankali. Kowa ya riƙe birkinsa. A bar tazara."

Auta ta matsa birki. Keken bai rage gudu ba. Ta ƙara matsawa, har yatsunta suka yi zafi. Robar tana kama ƙarfen, ƙarfen yana zamewa. Keken sai ƙara wuta yake.

Ta wuce yaro ɗaya. Ta wuce na biyu. A gabanta ga wata ƙawarta tana sauka a hankali, ba ta san abin da ke tahowa a bayanta ba. Da birkin yana kuka, da ta ji. Yanzu ba abin da ke tashi sai iska.

"Malam, ba ya tsayawa!"

Malam ya waiwayo. "Bi yashi, Auta. Karkata dama, bi yashi."

Ta karkata kan keken da ƙarfi. Ta kauce wa ƙawarta da kaɗan. Tayar gaba ta nutse cikin yashin bakin rafi, keken ya kafe. Ita kuwa ta tashi sama, ta faɗo tim.

Na ɗan lokaci ba ta ga komai ba sai sama. Sannan fuskoki suka kewaye ta. Ba mai dariya. Dogo ma bakinsa a buɗe.

Malama ta iso da akwatinta. Gwiwar Auta ta goge, tana jini. Idon sawunta ya fara kumbura.

"Allah ya tsare, ba karaya," in ji Malama. "Amma ƙafar nan ba za ta hau dutse yau ba."

Malam ya ɗaga keken. Ya shafa yatsa a ƙarfen taya, ya duba, ya shinshina.

"Jiya da hannuna na gwada birkin nan. Wa ya zuba masa mai?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Malam. Na ga Baba yana sa wa keken ɗinki in yana ƙara."

Malam ya tsuguna kusa da ita. "Saurara. Mai yana sa ƙarfe ya zame. A keken ɗinki, zamewar ake so. Shi kuwa birki, aikinsa ya riƙe. Kin ba shi abin da zai hana shi aikinsa. Kin tambayi wani kafin ki zuba?"

"A'a."

"Da ƙawarki kika buga a kan gadar nan fa?"

Auta ta kalli ƙawarta. Ta kalli gadar, da duwatsun da ke ƙarƙashinta. Sai hawaye.

Sauran yara suka jingina kekunansu a ƙarƙashin wata bishiya. Suka bi Malam suka kama hawa. Auta ta zauna a inuwa tare da Malama, ƙafarta a naɗe.

Tana kallonsu suna ƙanƙancewa. Da farko tana gane rigar kowa. Can suka zama kamar tururuwa. Muryoyinsu suna saukowa kaɗan-kaɗan, iska tana kawowa tana mayarwa. Daga nan farin gajimaren ya haɗiye su.

Ga dutse a gabanta, har tana jin ƙamshin ganyensa. Amma yau ya fi mata nisa fiye da yadda yake daga ƙofar shago.

Da suka sauko, kowa na magana lokaci ɗaya. Auta ta toshe kunnuwanta. Ba ta so a ba ta labari. A mota aka mai da ita gida, ita da keken.

Inna ta gan ta tana ɗingishi, ta saki tsintsiyar hannunta. Da ta ji abin da ya faru, ta riƙe haɓa.

"Mai a birki? Ke da wa kuka yi wannan shawara? Gidan nan cike da manya, bakinki ciwo yake da ba za ki tambaya ba? Zauna in ga ƙafar. Injiniya kawai."

Tana faɗa tana dafa ruwan zafi. Tana gasa ƙafar tana ci gaba da faɗa.

Baba ya dawo ya zauna a bakin tabarma. Auta ta matso kusa da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Na ɗauki manka ban tambaye ka ba."

"Kin yi kuskure, Auta, babba kuwa. Ni ma da nawa. Kin kawo mini kuka, na ce ki bari. Amma in na ce ki bari, ba cewa na yi ki yi da kanki ba."

"Dariyar ce ta ishe ni."

"Dariya ta fasa miki gwiwa?"

"A'a."

"To, kin gani."

Da ƙafar ta warke, Baba ya kai ta wurin mai gyaran keke. Mutumin ya cire robobin da suka sha mai ya jefar. Ya ba Auta tsumma da ruwan sabulu.

"Mai zubawa ita ce mai wankewa. Bismilla, Hajiya."

Ta wanke ƙarfen tayoyin nan, ta sake wankewa, har hannunta ya gaji. Da zai ɗaura sababbin robobi, ta matso.

"Me ya sa tsofaffin suke kuka?"

"Sun bushe ne, kuma sun karkace. Gyaran zama kawai suke so."

"Ina ne ake sa wa keke mai?"

Ya nuna mata sarƙa, ya nuna mata wurin feda. "Nan da nan. Birki kuwa, ko hannu mai maiƙo kada ki taɓa shi da shi."

Ranar wani hutu, Auta ta tashi ta ga Baba bai buɗe shago ba. Yana tsakar gida da keken maƙwabcinsu, ya naɗe ƙafar wando.

"Tsayawa kallona za ki yi, ko za mu tafi?"

Suka tafi su biyu. A kan gangarar nan Auta ta matsa birki tun daga sama. Keken ya bi umarni, ya sauka a hankali har kan gada.

Hawan dutsen ba wasa ba ne. Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu. Baba yana haki, yana tsayawa, wai yana duba tsuntsaye.

"Baba, ka gaji ne?"

"Wa? Ni da nake taka keken ɗinki tun ba a haife ki ba? Ba ni ruwan nan."

Suna cikin tafiya sai rana ta dushe. Wani farin abu ya taso a hankali ta tsakanin bishiyoyi. Ya lulluɓe hanya, ya lulluɓe ƙafafunsu. Komai ya yi shiru. Auta ta miƙa hannu. Ba ta kama komai ba, amma tafin hannunta ya jiƙe. Sanyi mai daɗi ya sauka a fuskarta, har gashin idonta ya yi raɓa.

"Baba," ta ce a hankali, "muna ciki."

"Muna ciki, Auta."

Suka zauna a kan wani faffaɗan dutse. Can iska ta yaye gajimaren kamar labule. Sai ga garinsu a ƙasa, ɗan mitsitsi. Rafin yana walƙiya. Motoci suna rarrafe ba a jin ƙararsu. Auta ta daɗe tana neman rufin shagonsu, har ta ce ta gan shi. Baba ya ce na mai aski ne. Suka yi ta musu suna dariya.

Tun daga ranar, Auta ta riƙe abu biyu. Dariyar mutane ba ta isa ta sa ka yi gaggawa ba. Kuma abin da ba ka san yadda yake aiki ba, ka tambayi wanda ya sani kafin ka sa masa hannu.