Kwale-kwalen Tsakar Gida

Da magariba aka fara jifan. Matar gidan tana kwashe shanya, maigidan yana zaune a gindin kwale-kwalen, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi, ta gangaro a hankali. Wata ta biyo ta. Aka leƙa lungu, babu kowa sai akuyar maƙwabta, wadda ba a san ta da jifa ba.

Kwale-kwalen mai inji ne, ya daɗe a tsakar gidan bisa bulo, lulluɓe da tamfol. Maigidan ya saye shi a lalace da niyyar gyarawa, shekaru suka shuɗe niyyar tana nan lafiya lau. Kaji suka mai da shi ɗakin ƙwai. Da matarsa ta gaji da kewaye shi da bokiti, ya yarda ya sayar, yana gaya wa kowa ɗan aiki kaɗan ya rage. Ba wanda ya taya sai ƙanensa makaniki, wanda tun suna yara duk abin da ya gagari yayan shi yake taɓawa ya tashi. Ya saya, ya riƙa zuwa da yamma yana gyara a nan. Ba a jima ba injin ya yi tari, ya kama. Maigidan ya yi masa sannu da aiki da muryar mai ta'aziyya. Washegari aka nemi farfelar injin aka rasa, kuma a yammacin ne jifan ya soma.

Kullum rana ta faɗi sai gidan ya yi tsit, kowa yana jiran kwano. Daga baya aka fara jin motsin ruwa a ƙarƙashin tamfol, a gidan da famfonsa ma ba ya kawowa. Ran nan babbar 'yarsu tana shara ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi da muryar da ba tata ba.

Malamin da aka kira dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi ta karatu har duhu ya cinye kusurwoyin ɗakin, sannan ya tambayi mai magana ta bakin yarinyar ko shi wane ne.

“Na ruwa ne,” in ji muryar, mai kauri, kamar daga cikin randa. “Tare da jirgin aka kawo ni. Na gaji da zama da kaji.”

Malam ya yi masa tayin turare, ya ƙi. Ruwa yake so a mai da shi. Da aka tambayi abin da ya hana, sai wuyan yarinyar ya juya sannu a hankali ya tsaya a kan mahaifinta.

“Tambayi wanda ba ya son ganin hannun ƙanensa ya yi kyau. A kan farfelar yake kwana.”

Maigidan ya ce aljanu an san su da ƙarya. Malam ya ce haka ne, amma duba ƙarƙashin gado ba zunubi ba ne. Aka jawo farfelar a naɗe cikin tsohon buhu. Ƙanen ya dube ta, ya dubi ƙasa.

Aljanin ya ce sai maigidan ya ɗauki farfelar a ka har bakin ruwa. Malam ya yi ta roƙon ragi, aka tsaya a kan ya ɗaura ta a jikin injin da hannunsa. Yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwan sha. Wasu sun lura cewa ita ke share ɗakin babanta, kuma tun tana ƙarama ba ta kuskuren jifan mangwaro, amma ba su faɗa a gaban malam ba.

Ranar da aka saka jirgin a ruwa, ƙanen ya miƙo hannu ya ce, “Yaya, shigo mana.”

Maigidan ya ce ƙafarsa tana ciwo. Ya tsaya a gaɓa yana kallon jirgin yana tsaga ruwa sumul, 'yarsa a ciki tana dariya. Ya daɗe yana saurare, sannan ya juya ga matarsa.

“Kin ji wannan 'yar ƙarar? Da ni na gyara shi, da bai yi ta ba.”