Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

"Wane Shamsuddeen?"

"Shamsuddeen nawa ka sani a garin su matarka?" in ji Yaya Hansai, tana warware mayafi. "Wanda ya riga ka zuwa ƙofar gidansu mana. Yanzu malamin asibiti ne. Duk Talata tana wajensa."

Nazifi ya ture kwanon abinci gefe.

Kwana ashirin da shida ke nan da matarsa Asma'u ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka tana gida wankan jego, a wani ƙauye bayan Rigachikun, tafiyar minti arba'in in an sauka daga titi. Shi direban bas ne, Kawo zuwa Zariya. Sau huɗu a rana yake wuce mararrabar ƙauyen, amma sau biyu kacal ya shiga tun ranar suna, gudun kada surukai su ce ya cika rawar kai. Shi ya sa ya aiki yayarsa ta dubo masa su.

"Ciwon me take yi?"

"Ciwo? Ras take! Innarta sai yabonta take. Yarinya mai kunyar ɗan fari, irin ta matan da. Ko kallon yaron ba ta yi, sai an miƙa mata shi ta ba shi nono ta kau da kai. To mai kunyar ɗanta, ta rasa kunyar tsohon saurayi?"

"Yaya!"

"Abin da idona ya gani na faɗa. Ƙofa a buɗe take, ba zan yi ƙarya ba... amma awa guda, Nazifi. Awa guda tana zuba!"

Ya ɗauki wayarsa ya duba. Kiran da ya fi tsawo tsakaninsa da ita a watan nan, minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Lafiya lau. To. Sai an jima.

Ranar Litinin da hantsi ya durƙusa gaban surukarsa, kansa a ƙasa, ya ce za a kai yaro rigakafi Kaduna.

"Ba ta yi arba'in ba fa, Malam Nazifi."

"Kwana biyu ne, Inna."

"To, Allah ya tsare. Dama gobe ne ranarta ta asibiti. Yaron nan Shamsu ne ya ce wai tana da damuwa. Na ce wace irin damuwa ga mai jegon da ake dama wa kunun kanwa safe da yamma? Kawunta ya ce iska ce, aka yi hayaƙi, shiru. Ni dai na bar ta tana zuwa, tunda duk ranar da ta dawo daga wajensa tana cin abinci."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta raka shi har mota.

Sun wuce Rigachikun kafin Asma'u ta buɗe baki. Jaririn na kan cinyarta, hannuwanta na gefe.

"Gobe Talata."

"Na sani."

"Ka san ba rigakafi za mu ba."

"Ke ma kin san abin da ya sa!"

A haka suka isa gidansu a Unguwar Shanu.

Talata ta zo ta wuce. Ranar Laraba bai fita aiki ba. Yana tsakar gida yana wanke takalmi ya ji jaririn, Anas, ya tsala kuka. Ya jira a yi shiru. Ba a yi ba. Ya zo ya ɗaga labule.

Tana zaune a bakin gado, yaron na bayanta yana shure-shure. Idonta na kan bango. Babu Inna a ɗakin, babu Yaya Hansai, babu baƙo ko ɗaya da za a ji wa kunya.

"Ma'u... babu kowa fa. Ɗauke shi mana."

Ba ta juyo ba.

"Ma'una?"

"Ba kunya ba ce." Muryarta a bushe. "Kowa ya ce kunya ce, na bar su a haka. Har guɗa aka yi mini. Ni kuwa in na dube shi, ji nake kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo. Ina jira in ji abin da uwa ke ji... ba ya zuwa. In ya yi kuka, jikina ya hau rawa."

Nazifi ya ɗauki yaron ya sa a kafaɗa. Abin da ya kamata ya fara faɗa daban ne, amma ba shi ya fito ba.

"Kuma shi kika iya gaya wa?"

"Shi ya tambaya."

"Ni ban tambaya ba? Kullum sai na kira ki!"

"Kana cewa ya jiki, ya yaro. Amsar wannan ai ɗaya ce. Ranar da muka kai yaro awo, shi duba na ya yi ya ce, 'Asma'u, yaushe rabonki da barci?' Na ce kwana tara. Ya ce, 'Yaushe rabonki da jin daɗin wani abu?' Sai na fashe da kuka."

"Har sunanki yake kira gatsau!"

"Sunana ne a kan kati."

"Kina son sa har yanzu?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Ni da na kasa jin son ɗan da na haifa, kake tambaya ta son wani? Haba maigida... Akwai ranar da na je ɗebo ruwa, na daɗe tsaye a bakin rijiya ina kallon ciki. Ban san me ya dawo da ni ba. Shi ya ce mini ciwo ne, yana da suna, yana kama mata da yawa bayan haihuwa, kuma yana warkewa. Tun da na haihu, wannan ce magana ta farko da ta sa na ji ni ba muguwa ba ce."

Nazifi ya matso kusa da gadon. Ya zauna a ƙasa da yaron a ƙirji.

"Kaduna cike take da likitoci," ya ce can. "Gobe za mu tsallaka kogi. Babban asibiti zan kai ki."

Sun yi sammako, amma sai bayan azahar layi ya zo kansu. Likitar mace ce, abin da ya sanyaya masa rai. Ta saurari Asma'u, ta karanta 'yar takardar da ta zo da ita daga ƙauye, ta duba maganin, sannan ta kira shi.

"Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa. Ku dawo nan bayan wata guda. Kafin nan tana bukatar abu biyu: mahaifiyarta ta kama mata yaro ta samu barci, da kuma wanda za ta zauna da shi duk mako."

"Nan ba za a samu ba, likita?"

"Ka ga layin da ka bari a waje. Can kuwa ta riga ta saki jiki da shi."

"Babu wani sai shi?"

"A yankin nan? Shi kaɗai ya yi horon, ƙauyuka goma sha ɗaya yake zagayawa a kan babur. Akwai garuruwan da ba su da ko ɗaya. Kun yi sa'a, malam."

Nazifi ya yi godiya. Kalmar ta fito masa da ƙyar.

Da yamma Yaya Hansai ta zo ta ji labari, ta tafa hannu.

"Da hannunka za ka mayar da ita? Ƙauye guda na kallo? Wallahi sai an yi da kai a kasuwa!"

"A yi."

"Ba ka kishi ke nan?"

"Yaya, tun jiya ban iya haɗiye ruwa ba. Ki bar ni."

Ranar Juma'a ya mayar da ita wajen Inna, ya durƙusa ya faɗi gaskiya, har da ta rijiya. Tsohuwar ta ja 'yarta ta rungume.

Ranar Talata ya bar lodin safe ya zo da kansa. Asibitin ɗaki biyu ne da benci a ƙarƙashin mangwaro, mutum sha uku na jira. Ƙarfe goma wani babur mai jan laka ya tsaya. Shamsuddeen ya sauka, dogo, fari, rigarsa a goge. Nazifi ya so a ce ya tsufa, ko ya yi tumbi. Bai yi ba.

"Malam Nazifi, barka da zuwa." Ya miƙo hannu. "Makon jiya ban gan ta ba, hankalina ya tashi."

"Hankalinka?"

"Duk wanda bai zo ba, sai na bi sawu. Aikin ke nan. In ta yarda, ka shigo tare da ita, zai taimaka."

Su biyun suka dubi Asma'u. Ta sunkuyar da kai.

"Yau dai ka jira ni a waje, maigida."

Ta miƙa masa Anas ta shige.

Ya zauna a benci. Ƙofar a buɗe take, yana hango gefen mayafinta, amma ba ya jin kalma ko ɗaya. Ya ji kukanta. Can kuma, bayan minti arba'in, ya ji dariyarta, gajeriya, irin wadda rabonsa da ji tun tana da ciki.

"Kai ne mijin?" wata tsohuwa da ke kusa da shi ta tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Ikon Allah! Miji na raino, mata na hira. Zamani!"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Nazifi ya gyara wa yaron zani, bai tashi ba.

Da ta fito, idonta jawur ne. Suka kama hanyar gida a ƙasa, shi riƙe da yaro, ita a gefensa.

"Me ya ce da ya ba ki dariya?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ma'u..."

"Ba yau ba. Amma zan faɗa maka wata rana, da bakina."

Da suka ɗan ƙara gaba ya sake duban ta.

"Mako mai zuwa ƙarfe nawa?"

"Goma. Ba sai ka bar aiki ba, Inna za ta raka ni."

"Ni zan kawo ki."

Ta tsaya a tsakiyar hanya ta dube shi. "Kishi ne?"

"Kishi ne, masoyiya. Kamar ya kashe ni." Muryarsa ta karye. "Amma gara in zauna a bencin nan duk Talata ina ƙuna, da a kira ni a ce in zo bakin rijiya."

Hawaye ya zubo mata. Ba ta share ba. Ta matso, ta sa yatsa ɗaya a tafin hannun jaririn, yaron ya damƙe. Ta bar shi ya riƙe har suka isa ƙofar gida.