Curin Sabulun Kaka

A wani gari can bakin rafi, a zamanin da, an yi wata tsohuwa mai dafa sabulun salo. Sabulunta baƙi ne, curi-curi, ba kai ba gindi. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sai jikarta ta karɓi tallan.

A kasuwa aka yi ta yi wa yarinyar dariya, ana cewa kashin shanu ta kawo. Wata mai sabulu sumul-sumul kamar ƙwai ta raɗa mata, "'Yata, cuɗa shi da yumɓu. Zai mulmulu, ya ƙara auki."

Yarinya ta ɗebo yumɓu ta kawo gida. Tsohuwa ta gani, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ƙawata, in kin gama cuɗawa, fara wanke mini farin mayafina da shi."

Yarinya ta dubi yumɓu, ta dubi mayafi, ta sake duban yumɓu. Sai ta mayar da shi bakin rafi.

Washegari ta baza sabulunta, curi-curi, ba kai ba gindi. Da wata ta yi dariya, sai ta gutsuro mata kaɗan ta ce, "Inna, je ki tambayi ruwa."