Hancin Barmo

Ila ya sake zuwa biko, Tabawa kuma ta sake fitowa zauren mahaifinta ba tare da ta zauna ba. Ta jingina da ƙofa tana duban takalminsa.

"Na daina, Tabawata," in ji shi.

"Wancan karon ma ka daina," ta ce. "Wajen dainawa babu kamarka a duk Tanut, Direba..."

A wancan zamanin hanyar Agadas ba ta san kwalta ba, direban kamiyo, babbar motar kaya, kuwa mutum ne da ake miƙe wa in ya shigo tasha. Ila na cikin waɗanda suka yi jigilar hatsin taimako a shekarun fari. A kan hanyar ya koyi shan giya, wai don gajiya. Fari ya wuce, damina ta dawo, gajiyar Ila ta ƙi wucewa. Da ya kwantar da kamiyon a rairayi kusa da Ollelewa, mai motar ya karɓe makulli. Tabawa ta aure shi tun yana yaron mota, lokacin da yake ɓoyo mata cuku da dabino cikin hula. Ta jure, ta jure, har ranar da mata masu ɗebo ruwa suka tsallake mijinta kwance a buge a bakin rijiya. Sai ta tattara kwanoninta.

Mahaifinta Malam Lawali shi ne muƙaddamin zawiyar unguwar, mutum mai sanyin magana. Ya ce wa Ila ya riƙa zuwa wazifa kullum bayan la'asar. In ya dage har kaka, matarsa za ta koma. Ya kuma ba shi kwalbar turare, ya ce ba a shiga zikiri da warin duniya.

Ila ya so wurin nan da gaske. A shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, muryoyi su haɗu su zama ɗaya, ya ji ƙirjinsa ya saki har hawaye su zubo. 'Yan'uwa suka karɓe shi da mutunci. Ba wanda ya taɓa ambaton giya a gabansa, domin rufa wa ɗan'uwa asiri ibada ce. Ba a daɗe ba Ila ya gano cewa mutum na iya biyawa ta gidan giyar da ke bayan kasuwar dabbobi, ya sha ɗaya, ya tauna kanumfari, ya zuba turare, ya iso kan lokaci. Ya fi kowa ƙamshi a zawiya. Malam har ya fara ba da misali da shi.

Wani yammaci ya yi kiciɓis da Barmo, tsohon soja mai guntun gemu, wanda a da in ya bugu sai an ɗauko shi a amalanke. Barmo ya ja hanci sau ɗaya.

"Turare mai tsada a kan giya mai araha," ya ce. "Ka zo tasha gobe."

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi a tasha waɗansu tsofaffin mashaya masu son dainawa ke taruwa, su ma bayan la'asar, don lokacin ne ƙishirwar ke tashi. Babu malami cikinsu, babu likita. Rissa, wani Buzu da fari ya cinye wa raƙuma, shi ke dafa shayi. Ba a zuwa da turare ko kanumfari. Duk wanda ya iso sai ya huro numfashi a fuskar Barmo. In ka sha ba a korarka, amma za ka faɗi inda ka sha, da wanda ka sha tare, da abin da ya kai ka, su kuma su yi maka dariya har daɗin abin ya fita. Ila ya ga rashin ladabinsu ya yi yawa, ga bakin Barmo da kansa yana warin taba. Amma ranar ya koma gida da ƙafafunsa biyu suna jin maganarsa. Washegari ma ya koma.

Mutum ɗaya ba ya zama wuri biyu. Da aka ga gurbinsa a zawiya, Malam Lawali ya aika a kira shi. Ya tambaye shi cikin natsuwa ko gaskiya ne ya bar ambaton Allah ya koma hira da 'yan tasha. Ila ya hango inuwar Tabawa a bayan zana. Ya san in ya ce kuskure ne, gobe ya dawo da turarensa, da kaka zai samu matarsa.

"Baba Malam," ya ce, "salla ban bari ba. Amma a wurinku ana rufa mini asiri, ni kuwa a ƙarƙashin rufin nake sha. Ban taɓa zama gaban farin ƙyallen nan da baki mai tsarki ba... Can suna kunyata ni, kuma ina kwana garau."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ƙofar zikiri a buɗe take, amma sharaɗi sharaɗi ne. Inuwar da ke bayan zana ta motsa, ta ɓace.

Ila ya fito ya san ya rasa ta. Ƙafafunsa suka nufi bayan kasuwar dabbobi da kansu, ya tsaya a ƙofar gidan giyar yana jin hayaniyar masu sha, sannan ya juya tasha. Ranar ba wanda ya yi masa dariya. Rissa ya ba shi kofin farko, wanda a ƙa'ida na Barmo ne.

Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yi girbi. Ila ya koma faci a tasha, hannunsa ya daina rawa. Yakan hango Tabawa a kasuwa, ta kau da kai, shi ma ya yi kamar yana taya albasa.

Wata azahar yana zaune a tsakar gidan da ciyawa ta cinye, sai ya ji jaki a ƙofa. Tabawa ce, da kwanoninta a kan amalanke, har da gado.

Ya miƙe. Ta ce tun makon farko ta gane, domin mutumin da bai taɓa sayen turare ba ko ranar aurensa, in ya fara ƙamshi haka akwai abin da yake binnewa. Ta ce ranar da ya faɗa wa Baba gaskiya ta fara ɗaure kaya, amma ta ga ya kamata ya ɗan wahala. Baba bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba, shi dai ya aro amalanken, ya kuma ce a gaya wa Ila zikirin Juma'a yana nan.

"In na koma fa?" Ila ya tambaya.

"Sai in koma ni ma. Na san hanya." Ta share ido da bakin mayafi. "Kama gadon nan, Direba, kada ka kifar da shi."

La'asar ta yi ba su sani ba. A tasha kuwa duk wanda bai zo ba bin sa ake yi. Sai ga Barmo da Rissa da sauran a ƙofar gida, fuska a ɗaure, sun riga sun leƙa bayan kasuwa. Suka tarar da Ila a durƙushe yana ɗaure ƙafar gado, Tabawa na tsaye a kansa tana cewa ya karkace.

Barmo ya cire hula, ya yi mata barka da zuwa.

"Baba Barmo, yau mijin nan nawa ne," ta ce. "Gobe da la'asar ku zo ku ɗauki abinku."

Suka juya za su tafi, sai suka ga Rissa ya riga ya ajiye murhunsa a ƙofar gidan yana hura gawayi.