Baƙin Gidan Bakari

Duk wanda ya sayi fuloti a Tirwun ko ta hanyar Gubi, a shekarun da garin Bauchi ya fara cinye gonakin da ke kewaye da shi, ya ji sunan Bakari Mai Inji. Ni unguwarmu ɗaya da shi a Ƙofar Ran. Na san shi tun ba shi da komai sai gatari da adda da diga, da wani tsohon injin yankan itace wanda sai kafaɗa ta gaji da jan igiyarsa kafin ya tashi.

Sana'arsa share fili. Mutum ya sayi fuloti, ya tarar da ɗorawa ko kaɗanya ko tsohon mangwaro a tsakiya, sabara da ƙaya sun rufe ko'ina, sai ya kira Bakari. Ya kayar da itacen, ya daddatsa, ya tone kututturen har saiwa, ya ƙone ciyayin, ya bar wa magina fili fes. Ƙaninsa Izzuddeen ke taya shi, sai Godfrey, wani magidanci mutumin Bogoro, wanda shi ke riƙe injin. A gida akwai matarsa Ni'ima da 'yarsu tilo, Halimatussa'adiyya, da ake kira Sa'adiyya. Ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Amma Bakari ba ya kallon wannan. Abin da ke cin ransa shi ne ya share fili da guminsa, bayan 'yan watanni ya wuce ya ga bene tsaye a wurin, mai gadi ya hana shi ko hutawa a inuwar katangar. Da wani mai katafila ya ƙwace masa babban aiki, ya yi a wuni guda abin da shi zai yi a wata, sai zuciyarsa ta ƙarasa lalacewa. A bakin wani mai gawayi ya ji labarin wani tsoho da ke zaune cikin duwatsu, can bayan madatsar ruwan Gubi.

Da rana tsaka ya isa. Wurin wani lungu ne tsakanin manyan duwatsu, ba tsuntsu, ba iska. An jera kututtura sun yi da'ira, an kifa su, saiwoyinsu na kallon sama kamar yatsun wanda ake binnewa da rai. Kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle, an shafe shi da wani baƙin mai da ƙudaje ke gudu. A tsakiya wuta na ci ba hayaƙi. Tsohon na zaune kan buzu, fatarsa duk ta tsattsage, bai ɗago kai ba.

"Warin ɗanyen itace kake yi," in ji tsohon. "Ka taɓa tambayar kanka ina masu itacen suke zuwa in ka kayar?"

"Baba, ni arziki na zo nema."

"Amsar ke nan nake ba ka. Duk tsohon itace da masu shi. Kana korarsu, suna watsewa suna tsine maka, shi ya sa hannunka ba ya riƙe komai. In da za ka ba su masauki, su za su yi maka aiki. Sun san inda dukiyar garin nan take kwance."

Bakari ya gyara zama. "Me za a yanka?"

"Ko kaza ba na so."

"To me zan biya?"

"Ba ni za ka biya ba."

Tsohon ya jawo wani ƙoƙo cike da baƙaƙen ƙusoshi. Ya ce duk filin da za a share, Bakari ya nemi itacen da ya fi tsufa, ya buga ƙusa a gindinsa ya ce, "Ku taso, na ba ku masauki." In an kayar, ya ɗebi guntu daga tsakiyar itacen, ya kai gida, a sa a wutar da za a dafa abinci. Wutar za ta nuna musu hanya.

"Amma kai kada ka ci abincin ranar."

"Saboda me, Baba?"

"Kai ne mai masauki. Ba naka ba ne."

Bakari ya ce, "Masaukin fa? Ɗaki zan ware musu?"

"Su za su zaɓa."

Bakari ya san akwai tambayar da ya kamata ya ƙara. Bai ƙara ba. Ya juye ƙusoshin a aljihu.

Wata tsohuwar ɗorawa a Tirwun ce ta fara. Ya buga ƙusar lokacin da Godfrey da Izzuddeen ke can suna wasa adda. Da yamma ya kai guntun itacen gida ya tura a murhu, ya ce wa Ni'ima cikinsa na ciwo, ba zai ci ba. Ita azumin nafila take yi, an kuma aiko mata da abin buɗa baki daga gidansu, Sa'adiyya tana wurin kakarta. Izzuddeen kaɗai ya ci tuwon, har ya ƙara.

Kafin damina ta wuce dillalan filaye sun fara layi a ƙofar gidansa. Wasu su biya shi da fuloti, fulotin ya ninka daraja kafin ya juya. Katakon da ya tsaga da gawayin da ya ƙona ba sa kwana. Ya sayi tifa, ya sayi katafila, har wanda ya ƙwace masa aiki ya dawo yana tuƙa masa. Ya gina bene a Tirwun, ya sauke farali, ya zama Alhaji Bakari.

Ana cikin wannan Izzuddeen ya fara ƙishirwa. Ya sha ruwa bokiti guda, leɓensa a bushe. Ƙafafunsa suka yi nauyi, fatarsa ta fara tsagewa tana yin ɓawo. Sai a tarar da shi tsaye a tsakar gida cikin rana, hannuwa a buɗe, ba ya motsi.

"Yaya," ya ce wa Bakari wata rana, muryarsa kamar ana goga katako, "akwai mutane a ƙirjina. Suna cewa kai ka ce su shigo."

An kai shi asibiti, an yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Da ya rasu, waɗanda suka ɗauki makarar sai da suka yi ta canjin hannu saboda nauyi.

Bayan sadakar bakwai Bakari ya koma wurin tsohon, idanunsa jajur.

"Ka cuce ni! Na ware musu ɗaki, na shimfiɗa tabarma!"

Tsohon ya yi dariya. "Waɗanda suka tsufa cikin abu mai rai za ka ba ɗakin siminti? Wanda ya ci abincin, shi ne ɗakin. In ka gaji, ajiye ƙusoshin ka tafi. Duk abin da suka kawo maka zai bi su, ka koma gatarinka."

A nan Allah Ya ba Bakari ƙofar fita, a buɗe. Ya daɗe yana kallon wutar. Sannan ya ce, "Dole sai jinina?"

"Duk wanda ya ci daga tukunyarka."

"Ƙaro min ƙusoshin."

Daga ranar Alhaji Bakari ya zama mai ciyarwa. Ya sa aka gina murhu daban a bayan gida, da babbar tukunya ta leburori. Duk ranar da aka kayar da babban itace, sai a dafa shinkafa da wake har da nama, a kai wa ma'aikata a fili. Ya gargaɗi Ni'ima cewa ita da Sa'adiyya kada su taɓa wannan tukunya, wai ba girman iyalinsa ba ne cin abincin lebura. Gari ya ɗauki yabonsa. Leburorin kuwa mutanen ƙauye ne, masu zuwa cin rani. Duk wanda ya fara ƙishirwa, sai Alhaji ya sallame shi, ya sa shi a mota ya koma garinsu ya mutu can, inda ba mai haɗa wannan da wancan.

Godfrey ya daɗe bai kamu ba, don matarsa na ƙulla masa abinci daga gida. Wata rana ya manta da kwanonsa, Alhaji da kansa ya miƙa masa faranti. Bayan 'yan makonni matar ta kawo shi a keke, aka sauke shi a ƙofar benen kamar gungume.

"Oga," ya ce da ƙyar, "tun kana da gatari ɗaya nake tare da kai. Yarana ƙanana ne. In ka san abin da ke jikina, ka taimake ni saboda Allah."

Alhaji bai ko sauke gilashin motarsa duka ba. "Ni likita ne? Giyar da kake sha ce ta ƙone ka. Ku ɗauke shi daga ƙofata, baƙi na zuwa."

Godfrey bai taɓa shan giya ba, kowa ya sani. A Bogoro aka binne shi.

Sai babban aiki ya zo. Wani kamfani ya sayi tsohon kurmi ta wajen Gubi zai gina rukunin gidaje, wuri cike da maɗaci da kanya da ɗorawa waɗanda ba wanda ya san shekarunsu. Tun farko tsohon ya ce itace ɗaya a kowane fili. Bakari ya ga idan ɗaya na kawo wannan, me zai hana duka? Ya bi manyan itatuwan nan kaf ya bubbuga musu ƙusa. Aka kwana biyu inji na kuka, katafila na tumɓuke kututtura. Ya cika buhu da guntaye, ya sa aka hura wutar babbar tukunya da su, ya fita duba aiki.

Da hantsi hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar ba za a daina ba. Hanyar kurmin ta yanke, leburori suka watse, motar kai abinci ba ta fita ba. Ana tsakiyar ruwan Sa'adiyya ta dawo daga jami'a, jiƙe sharkaf, tana rawar sanyi, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ba a ɗora girkin gida ba tukuna. Ni'ima ta dubi 'yarta, ta dubi tukunyar da ke tururi, ta zuba mata.

Alhaji ya shigo ya ga farantin a gaban yarinyar, saura 'yan ƙwayoyi.

"Daga ina wannan?"

"Alhaji, yunwa take ji, abincin kuma zai lalace..."

Marin da ya kai wa Ni'ima sai da ta faɗi. Ya shaƙo Sa'adiyya yana tura mata yatsa a maƙogwaro, yana ihu, "Amayar! Amayar da su! Ba ke na ce su shiga ba!"

Ni'ima na ƙasa, hannu a kunci, tana kallonsa. Ta tuna Izzuddeen. Ta tuna Godfrey a ƙofar gida. Ta tuna bai taɓa ɗanɗana wannan tukunya ba.

"Alhaji," ta ce a hankali, "da hannuna na dafa musu duka?"



Abin da ya ɗauki Izzuddeen watanni, kwanaki kaɗan ya ɗauki Sa'adiyya. Sun yi mata yawa. Tana tsaye a tsakar gida ta bushe, ba wanda ya iya lanƙwasa ta ya kwantar. Kalmarta ta ƙarshe ruwa ce, uwar na riƙe da kofi a bakin da ba ya buɗuwa. Ranar da aka kai ta, Ni'ima ta yar da mayafi ta fita titi. Ta bi shagunan Tirwun, ta bi inda leburori ke zaman jiran aiki, tana kama rigar duk wanda ta gani tana cewa, "Kada ku ci! Ni na dafa! Da itacen Alhaji na dafa!" Mahaukaciya ce, amma masu 'yan'uwa a kabari sun fahimce ta.

Bakari ya koma duwatsu a guje. Tsohon bai bar shi ya zauna ba.

"Na ce ɗaya, ka kira kurmi guda. Yarinya ɗaya ba ta ishe su ba, sauran na tsaye a ƙofarka. Ka sama musu wuri, ko su shiga wanda ya gayyace su."

Ko a lokacin bai tuba ba. Ya tattaro ragowar guntayen, ya dafa da hannunsa, ya jera manyan tire a ƙofar gida ya ce sadaka ce ta 'yarsa. Mutane suka tsaya nesa suna kallo. Abincin ya wuni a rana, ya rube, ko awaki ba su kusance shi ba.

Washegari ya tashi da ƙishirwa.

Shi bai samu sauƙin mutuwa da wuri ba. Ba su da wani wurin zuwa bayansa, sai suka riƙe shi da rai. Katafila ta kama da wuta, tifa ta faɗa rami, filayensa suka shiga rigima ɗaya bayan ɗaya. Na je na gan shi sau ɗaya, a zauren yayarsa a Ƙofar Ran, an jingina shi da bango don ba ya kwantuwa. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai idanu. Ya fi shekara a haka kafin a huta da shi.

Benen na nan a Tirwun. Sabara ta fasa tayil ɗin falo, wani maɗaci ya fito ta tagar sama, saiwoyi sun tsaga katangar gida biyu. Wani baƙo ya saye shi da arha, ya zagaye Bauchi yana neman wanda zai share masa, ya ninka ladan aikin har ya gaji. Duk mai injin da aka kai, da ya ga gidan sai ya saɓa injinsa ya juya.

Ku masu gaggawar tara abin duniya, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku dukiya, ya kuma ce ba shi za ku biya ba, to ku tsaya ku tambayi wa zai biya. Bakari ya san amsar tun daga gawar ƙaninsa, ya miƙa hannu ya ƙaro ƙusoshi. Allah Ya tsare mu da zuciyar da halali ba ya isarta.